Ragowar Furar Baba

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ana yaye ni aka ɗauke ni daga Ƙaura Namoda aka kai wa Gwaggo, ƙanwar Baba, a Shinkafi. A hannunta na tashi. Daga ɗakinta na tafi makarantar kwana, daga can kwalejin horon malamai, daga can gidan miji a Sakkwato. Gidan iyayena baƙunta kawai nake zuwa, da salla ko in ana biki. Inna, wadda ta haife ni, ba ta taɓa kiran sunana ba. In za ta yi zancena sai ta ce "ta Shinkafi". In ina tsaye a gabanta tana son tsintsiya, sai ta dubi bango ta ce, "Da wani zai miƙo tsintsiyar can." Baba kuwa "Malama" yake ce mini tun ban zama malamar ba, shi ma don ya kauce wa sunan. Kunyar ɗan fari ke nan, su biyun kuma sun riƙe ta da hannu bibbiyu.

Na fara da wannan ne don a gane cewa lokacin da zama ya dawo da ni Ƙaura, na san inda madafi yake a gidanmu, na san inda ake ajiye turmi, amma yadda mutanen gidan suke zaune da junansu ban sani ba.

Da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, mu ma'aikata 'yan asalin nan muka tattara komatsai muka dawo. Maigidana aka ajiye shi a Gusau, ƙanena ma can ya samu kujera a wata ma'aikata, ni kuma aka turo ni makarantar 'yan mata a Ƙaura ina koyar da girki da kula da gida. Na kama gida a bayan layinmu. Ba yabon kai ba, na san aikina. Na san abin da ke gina jiki da abin da ke cika ciki kawai, kuma ba na jin kunyar faɗa wa mutum ko bai tambaya ba.

Baba tsohon magatakardan kotu ne, ya daɗe da ajiye aiki. Shekarar da za a ƙaddamar da Shari'a ba wanda ya kai shi ɗoki. Ya sa an wanke masa babbar riga an buga, ya yi magana da direban da zai kai su Gusau shi da abokansa na masallaci. Ana saura 'yan kwanaki ya faɗi a wurin alwala. Ranar da gari ya ɗebe, motoci maƙil suka nufi Gusau, mu muna asibiti a kansa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta koma kalma ɗaya ɗaya, ita ma da ƙyar.

Da za a sallame mu likita ya kira ni gefe. Ya ce yanzu ba ciwon ne abin tsoro ba, yunwa ce. Maƙogwaron Baba ba ya iya haɗiye abu mai gudaji, zai shaƙe shi. A ba shi abu mai kauri, mai laushi, wanda aka cika da abubuwan gina jiki, kuma a tabbata yana shanyewa. In jiki ya samu ƙarfi ƙafar tana iya dawowa, in ya ci gaba da ramewa kuwa gadon nan ne wurinsa. Baba ba abin da yake so a duniya a lokacin irin ya taka da ƙafarsa zuwa masallacin ƙofar gida. Duk aka kira salla sai ka ga hannunsa na hagu yana lalubar bakin gado. Don haka na ƙudurta a raina, kofin da duk na ba shi sai na ga ƙasansa.

Tun tasowarsa abincin ranarsa fura ce. Inna ke dama masa a ƙwarya da ludayi, ta bar gudaji yadda yake so, ta rufe da faifai ta kai masa ɗaki da kanta. Ranar da muka dawo gida ta yi yadda ta saba. Kurɓa biyu ya yi ya sarƙe, ya yi ta tari har idanunsa suka kaɗa, muna bubbuga masa baya. Na tsorata, kuma ni in na tsorata faɗa nake yi. Na ce, "Daga yau ni zan riƙa haɗa masa." Inna ta ajiye ludayin a kan faifai ta koma ɗakinta.

Ƙanena ya kawo mana bilenda, injin markaɗe na lantarki, daga Gusau. A lokacin abin ya fara yawa a gari, don tun da aka rufe wuraren shan giya samari suka buɗe rumfuna a bakin tasha suna markaɗa fura da ita. Sukari da ƙanƙara kawai suke labtawa, mutum ya sha ya ji sanyi, bayan ɗan lokaci yunwa ta dawo. Na ce bari in nuna musu yadda ake yi. Matsalar ɗaya, wuta. In an kawo ta sai ka gan ni na bar komai na ruga, ko da kuwa ina tsakiyar wanki ne.

Haɗin farko mai sauƙi na yi: furar gero, kindirmo, da ayaba nunanna. Ya fito sumul, ba gudaji ko ɗaya. Na zuba a babban kofin silba, na tallafo kansa. Ya sha, ya sha, har raina ya fara yin fari. Sai da ya rage kamar faɗin yatsa biyu a ƙasa ya janye baki, ya sa hannun hagu ya tura kofin wajen ƙofa.

Na ce, "Baba, saura kaɗan."

Ya rufe baki gam ya kau da kai.

Nono da ayaba ba sa jira a zafin Ƙaura, abin da nake koya wa ɗalibaina ke nan a aji. Na fita da kofin, na juye ragowar a kaskon jar akuyar Inna da ke ɗaure a gindin rumbu, na wanke shi tas na kife.

Washegari haka, jibi ma haka. Sai na ce to ɗanɗanon ne bai yi masa ba, laifin haɗina ne. Na shiga gyara. Na soya gyaɗa sama-sama na murje ɓawon na zuba, don maiƙo. Na jiƙa aya ta kwana, na markaɗa na tace ruwan, na daina sa ruwan randa. Na rage barkonon furar, na ƙara citta da kanumfari. Wata rana riɗi, wata rana kwakwa. Ko yaran maƙwabta sun gane ƙarar injin, suna jin ta sai su taru a zaure ko za a samu abin lashewa. Amma abin haushi, duk ranar da na ce yau kam na burge, ranar ce ragowar take fi yawa. Yatsa biyu ya zama uku, uku ya zama huɗu. Ga hannunsa kullum sai ƙara sirancewa yake yi, agogon da yake ɗaurawa har yana zamewa zuwa gwiwar hannu.

Wata Alhamis na nemi izini a makaranta na shiga motar da aka ware wa mata zuwa kasuwar Shinkafi. Na zaɓo dabinon Nijar mai laushi, irin wanda in ka matsa yake manne wa yatsa. Na samu zuma farar saƙa a wurin wani mutumin Gurbin Ɓore. Na roƙi Bafulatanar da ta daɗe tana kawo wa Inna nono ta ware mini kindirmon da ba a taɓa shi da ruwa ba. Da safe na cire ƙwallayen dabinon na jiƙa shi a ruwan ɗumi har ya saki. Allah Ya taimake ni aka kawo wuta da hantsi. Fura, kindirmo, dabino, gyaɗa, zuma cokali guda, ɗan kanumfari. Da na ɗanɗana sai na kama dariya ni kaɗai a madafi. Wallahi har yau, da duk shekarun da na yi ina girki, ban sake haɗa abin da ya kai wannan ba.

Baba ya kurɓa ya lumshe ido. Ya sake kurɓa, ya dube ni ya gyaɗa kai. Na ce shi ke nan, yau an gama. Ko rabi bai kai ba ya janye baki, ya tura kofin wajen ƙofa, har da ɗan hanzarinsa.

Raina ya ɓaci iya ɓaci. Ban ɗaga murya ba, uba uba ne, amma na ce, "Baba, wai so kake ka tashi ko ba ka so?"

Bai dube ni ba. Ƙofa yake kallo.

Na fito fuu, na kwara fiye da rabin kofi a kaskon akuya. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Ta bi akuyar da kallo tana lashe kasko, sannan ta ce da iska, ba da ni ba, "Akuyar ga dai ta samu duniya." Na ɗauka gatse take yi mini, wai girkin 'yan boko sai dabba. Na shige madafi na yi kukana na share hawaye.

A ranar na yanke hukunci cewa tsohon nan zaƙi ne ba ya so. Na ajiye dabino, zumar na raba wa maƙwabta. Na koma garin waken suya da busasshen zogale, ba zuma ba sukari. Abin ya fito kore-kore, yana wari kamar jiƙaƙƙiyar harawa. Ni da na haɗa ma sai na toshe hanci nake ɗanɗanawa. Ikon Allah, sai ga Baba yana sha yana yamutsa fuska, amma abin da yake ragewa bai fi a rufe ƙasan kofi ba. Ana cikin haka Inna ta tafi Zurmi bikin suna a gidan ƙanenta, ta yi 'yan kwanaki. A kwanakin nan kaf yake shanyewa, ko ɗigo ba ya bari. Na aika wa ƙanena saƙo ta hannun direban Gusau cewa an samu lagon Baba, ashe ɗaci yake so.

Inna na dawowa ragowa ta dawo, 'yar kaɗan dai. Sai zargi ya shige ni, na ce lalle wani abu take ba shi a ɓoye yana cika masa ciki. Don takan shiga wurinsa da hantsi da kuma bayan la'asar, ta zauna a tabarma tana yi masa fifita, ba ka jin maganar kowa. Na tare ta na tambaya. Ta dubi bango ta ce, "Wa zai ba shi? Ai an hana." Na bar zancen. Haka Baba ya yi ta shan koren haɗin nan wata da watanni, ni kuma ina ta juye 'yar ragowar a kasko.

Da damina ta yi nisa zazzaɓi ya kwantar da Inna. Mun ɗauka na sauro ne da aka saba, a sha magani a tashi. Ba ta tashi ba. Ranar da za ta cika ina riƙe da kofin kunu a bakinta, ta dubi rufin ɗaki ta ce, "Ta Shinkafi ta gaji." Iyakar abin da ta taɓa faɗa a kaina ke nan ina ji, kuma ko shi ba da ni ta yi ba.

Gida ya cika da 'yan gaisuwa. Gwaggo ta zo daga Shinkafi ta zauna a ɗakin Inna tana karɓar mata. A cikin hidimar garin waken ya ƙare, ba wanda ya samu sukunin zuwa niƙa. Dabino kuwa ga shi nan tuli, masu ta'aziyya sun kawo na sadaka. Dole ta sa na koma tsohon haɗin, na ce ko rabi ya sha ya fi babu. Na kai wa Baba. Tun rasuwar carbi kawai yake ja da hannun hagu. Ya karɓi kofin da kansa. Ya sha a hankali, bai tsaya ba, har ya ɗaga shi sama. Bai tura shi ƙofa ba, ya ajiye a gefen matashi.

Allah Ya yafe mini, a tsakiyar makoki sai na ji daɗi ya kama ni. Na ɗauko kofin na nufi Gwaggo, tana bakin rumbu tana alwala.

Na ce, "Gwaggo, duba. Yau ya shanye. Mai dabinon ce ma, wadda ya ƙi."

Ta leƙa cikin kofin ta daɗe. Sannan ta ce, "Yo wa zai rage wa kuma?"

Na ce ban gane ba.

Ta ajiye buta ta dube ni. "Ke ɗiyar nan, mi kike faɗi? Ai tunda anka kawo uwarki gidan nan bai taɓa shanye hura ba. Ina budurwa lokacin, a gabana anka yi. Amarya ce mai kunya, ba ta iya cin abinci gaban kowa, ta bi ta rame. Shi ne ya riƙa rage mata a ƙwarya, in ta zo ɗauka ta shige ɗaki ta sha. Har sunka tsufa ba su bari ba. In abu ya yi mai daɗi, ranar ya fi ragewa da yawa. In bai yi daɗi ba sai ya daure ya sha abinsa, ya bar mata ɗan kaɗan don kar ƙwarya ta koma wayam."

Na tsaya riƙe da kofi.

Ta ce, "Dā ina kike kai ragowar?"

Na dubi gindin rumbu. Akuyar na nan ɗaure kusa da mu, ta yi ɓul-ɓul, ga kaskonta a gabanta. Gwaggo ta dubi kaskon, ta dube ni. A hankali ta yi salati, ta ɗauki butarta ta sake alwalar daga farko.

Baƙin cikin da na yi ba ya faɗuwa, kuma haushi ya fi yawa a cikinsa. Na ji haushin ƙanena, da na tare shi da zancen ya buɗe baki ya ce, "Yaya, ai na ɗauka kin sani, kowa ya sani." Kowa ban da wadda aka ba wa kofin. Na ji haushin Gwaggo, da ta koya mini daka da tankaɗe da yadda ake gaida surukai, ba ta taɓa ba ni labarin iyayena ba. Na ji haushin Inna, Allah Ya jiƙanta. Kalma nawa ce? "Kawo nan." Ko bangon ta faɗa wa ai da na ji. Ta zauna tana kallo ana juye rabonta gaban akuya kullum rana, ta gwammace haka da ta buɗe baki ta nemi abu a hannun 'yar fari. Kuma ba ta kai ƙarata wurin Baba ba, duk zaman fifitar nan da suke yi.

Har gobe ina cewa haɗina daidai ne, likita ma gaskiya ya faɗa. Da Baba ya koma shanyewa jiki ya murmure, kafin kaka ta wuce ya fara dafa bango, daga baya ya taka da sanda har sahun farko. Abin da na nema na samu. Amma da na san kuɗinsa ke nan, da na haɗa kofi biyu tun ranar farko, ko in cika masa ƙwarya ya sha ya rage yadda ya ga dama. Dabino bai yi tsada ba a Shinkafi. Abin da ke ci mini rai shi ne mafi daɗin abin da hannuna ya taɓa haɗawa, uwata tana zaune taku kaɗan daga wurin, ba ta ɗanɗana ba.

Bayan 'yan gaisuwa sun watse, Gwaggo ta koma, gidan ya rage daga ni sai Baba da rana. Harshensa ya fara sakuwa, yana haɗa kalma biyu uku. Koren haɗin kam ban sake yi ba. Wata rana bayan azahar na kai masa mai dabinon. Ya riƙe kofin bai sha ba, yana shaƙar ƙamshin.

Ya ce, "Malama."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Wannan... ita ce ta rannan."

"Ita ce, Baba."

Ya tattaro kalmomi da ƙyar. Shi ma bai taɓa kiran sunanta ba. Ya ce, "Ta ji daɗinta... ko?"

Sai a lokacin na lura cewa daga gadonsa ba a hango tsakar gida. Ƙofa kawai yake gani, da bayana in na fita da kofi. Duk watannin nan yana kwance yana ganin saƙonsa na isa.

Na durƙusa a bakin gadon. Bakina ya buɗe, gaskiyar ta ƙi fita, ƙaryar ma ta ƙi. Da ƙyar na ce, "Allah Ya jiƙanta, Baba."

Ya gyaɗa kai kamar na ba shi amsar da yake jira. Ɓarin fuskarsa mai motsi ya yi murmushi. Ya ce, "Na sani. Tana son zaƙi."

Ban san Inna tana son zaƙi ba sai ranar.

Ya kai kofin baki ya shanye tas, har da abin da ya kwanta a ƙasa, ya miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu, na fita na wuce ta gaban ɗakinta da ke rufe, na je bakin randa na wanke.